Zanzaro, Jitar da Kamfaninta Ya Manta

Ku jawo bencin nan cikin inuwa, ku daina taɓa mini kaya. Kai mai jar hula, ajiye wannan filayar, ta girmi babanka. Jiya ina jin ku kuna cewa wai gyaran jita ba aiki ba ne, waya ce kawai ta tsinke a liƙa ta da dalma. To madalla. Ku da kuke buɗe cikin wayar hannu kuna sauya mata gilashi, na san kun iya abinku, ban raina ba. Amma tunda kun tambayi abin da ya sa waccan jitar take rataye a bango da rami a cikinta, ga ni mai gyara ban gyara ta ba, sai ku zauna ku ji. Ni dai ba na sauri a magana, wanda yake da uzuri ya tashi tun yanzu.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne hura gawayi. Maigidana Malam Modu, Allah ya jiƙansa, Babarbare ne mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Azare. A lokacin wutar lantarki baƙuwa ce, ta zo ta gaishe mu ta koma, saboda haka ƙarfen narka dalma a cikin garwashi muke sa shi. In ya yi zafi da yawa ya ƙona waya, in bai yi ba dalma ta dunƙule ta ƙi kamawa. Malam Modu yakan kawo shi kusa da kumatunsa ya ji huci, ya miƙo mini in ji ni ma, ba ya ƙara ko kalma ɗaya. Daga nan aka ƙara mini girma, na koma warware tsofaffin injina ina ciro wayar tagulla, irin siririyar nan da in ka yi numfashi da ƙarfi sai ta tsinke. Ita ake naɗewa a jikin ɗan maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyar jita, wanda yake ɗaukar sauti ya kai wa lasifika. Mu kunne muke ce masa. In an gama naɗi sai a tsoma shi cikin narkakken kakin zuma, wanda wata tsohuwa take kawo mana daga wajen Shira. Har yau in na ji ƙanshin kaki a wuta sai in ga rumfar nan tamu, da hasken hantsi yana shigowa ta hujin zana, da Malam Modu ya sunkuya yana naɗi kamar mai kaɗin zare.

Doka ɗaya ya kafa mini, kuma a kanta ya taɓa kora ta gida na yini. In an kawo kayan kiɗa, ba a sa masa sukuddireba sai mai shi ya zauna ya kaɗa a gabanka. Ko ɗan aike ne ya kawo, a mayar da shi ya zo da mai kaya. Na ce, “Malam, ai lalacewar a jikin kayan take, ba a jikin mutumin ba.” Ya dube ni ya ce, “Idi, kai dai ka zauna ka kalli hannunsa, ka kalli yadda ya rungume ta. Sannan ka san abin da za ka taɓa da abin da za ka bari.” A raina na ce tsufa ne kawai da son ɓata lokaci.

Jitar nan ta shigo garin nan ne a cikin kayan wani Alhaji mai kanti da ya dawo daga Ikko. An haɗa masa wasu 'yan akwatuna a kan kayansa da araha, domin can kurmi babu mai so. Da aka buɗe sai ga jita ta lantarki a kowane akwati, launin ruwan zuma, ƙugunta siriri. Aka jona ta da batirin mota, aka taɓa tsirkiya, sai ga sauti ya fito da wata 'yar zizza a bayansa, zzz, tana bin kowane bugu. Nan take wani ya ce ai wannan zanzaro ce, suna ya bi ta. Abin da ke kawo zizzar kuwa wani ɗan faifan ƙarfe ne da aka rufe kunnen da shi. Ƙarfen ya cika sirantaka, kusoshinsa ba sa kama shi sosai, sai ya riƙa rawa. A wurin kamfanin da ya ƙera ta wannan aibi ne, shi ya sa suka yi kaɗan suka daina. Mu kuwa nan, mutanen da suka tashi suna jin molo da garaya, da ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙala musu a baki don su yi zizza, sai muka ji kamar 'yar gida ce ta je makaranta ta dawo. Kafin wata ya mutu an saye su kaf. Malam Modu ma ya sayi ɗaya, shi da ba makaɗi ba. Ita ce ya ba ni ranar da ya yaye ni, ita ce kuke gani a bango.

Wani lokaci in rana ta take, kasuwa ta yi shiru, nakan zauna ina tunanin mutumin da ya yanka wannan faifan. Ina ganinsa a wata ƙasa mai sanyi, cikin wani dogon ɗaki, da rigar aiki, ya yanka ƙarfe ya yi siriri, shugabansa yana yi masa faɗa. Ya koma gida ransa a ɓace. Bai san cewa a wani gari da bai taɓa jin sunansa ba, mata suna ajiye tulu a bakin rijiya su tsaya saboda kuskurensa. Da ina da hanyar aika masa da goro, wallahi da na aika.

A cikin waɗanda suka saya, babu kamar Malam Buba. Bafulatani ne daga wata ruga a gefen Bulkachuwa, dogo, marar yawan magana, da molo ya fara tun yana bin shanu. Shi bai koyi jita yadda ake koyon ta ba, kiɗan molonsa ya ɗauko ya zuba mata. Yakan rataya ta can sama, ya manna ta da haƙarƙarinsa, ya sunkuyar da kai. In ya fara da la'asar a gidan biki, kiɗan ba ya tashi da ƙarfi. A hankali yake zuwa, kamar garke yana dawowa daga kiwo, ka fara jin na gaba kafin na baya su iso. Na bi shi da lasifika da batiri har garin Yana, har garin Katagum a bakin kogi, inda na ga masu kwale-kwale sun daina tuƙi sun bar ruwa yana tafiya da su. Akwai wani kiɗa da ba ya yi a gidan kowa sai nasa. Duk ɗan da aka haifa a zuriyarsu, ranar suna da hantsi, sai ya kaɗa masa shi. Ya ce mahaifinsa ya yi masa da molo, kakansa ya yi wa mahaifinsa.

Sai shekarar wahala ta zo mana. Ba fari aka yi ba, ba ambaliya ba, fiyano ce ta shigo gari. Yaro ɗaya ya zauna da akwati ɗaya, ya danna nan ganga ta fito, ya danna can jita ta fito, har da tafi. Mai biki ya ga babu dalilin ciyar da ƙato biyar. Makaɗa suka watse, wani ya koma acaɓa, wani ya koma gona. Rumfata ta zama wurin barcin kaji. Na koma gyaran fanka da tocila, har da dutsen guga na gyara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Suna bi gida-gida da kura, mata suna fito musu da jitar da miji ya jingine a bayan ƙofa. Su ɓalle ƙarafan su auna, itacen kuma ya shiga murhu. Da idona na ga wuyan wata Zanzaro a ƙarƙashin tukunyar dafa wake. Da ƙura ta lafa, biyu suka rage a duk ƙasar Katagum a iya sanina, tawa da ta Malam Buba. Shi bai daina kiɗa ba, an dai daina kiransa.

To, shekarun baya kaɗan, wata safiya, sai ga Sani ɗan Malam Buba a ƙofar rumfar nan, da jita a cikin buhu, mahaifinsa yana biye da shi. Sani malamin makaranta ne, yaron kirki, mai son ubansa. Matarsa ta haihu, ɗansu na fari, suna ya matso. Ashe tun cikin yana tsufa ya so ya yi wa tsoho abin alheri. Ya shiga shafin kamfanin a wayarsa, inda suka jera hoton duk jitar da suka taɓa yi, ya duba daga sama har ƙasa, babu Zanzaro. Ya tura musu hotonta da tambarinsu a goshinta. Suka amsa da ladabi cewa ba su da labarin wannan samfuri, wataƙila ma ba nasu ba ne. Kun ji fa! Uwa ta haifi ɗa ta ce ba ta san shi ba. Sai Sani ya ɗauki jitar a ɓoye ya kai Kano wurin wani gwani, ya ce a mayar da ita sabuwa.

Na zaro ta daga buhu, na jona. Ku ji ni da kyau, mutumin Kano ya yi aiki. Ya sauya wayoyi, ya goge tsatsa, ya cire tsohon faifan ya jefar, ya sa sabo mai kauri ya ɗaure tamau. Sauti garau, babu ko ɗigon zizza. Ni kaina ban iya liƙi mai tsabta irin nasa ba. Abin da aka ce ya yi shi ya yi, kuma ba a kai masa mai jitar ba.

Sani ya ce, “Malam Idi, tun da na dawo da ita Baffa ya ƙi kaɗawa. Ya ce ta mutu. Ni kuwa ina jin ta, lafiyarta ƙalau. Ka yi masa magana, ko fushi yake da ni.”

Na ce, “Bari dai ya kaɗa mu gani.”

Malam Buba ya zauna a kan wannan bencin da kuke kai. Ya rataya ta, ya manna ta da haƙarƙari, ya bugi tsirkiyar sama, ya kama murɗa maɗaurinta. Ya murɗa gaba, ya murɗa baya. Ya wuce daidai, ya dawo, ya sake wucewa. Mutumin da yake ɗaure jita ido rufe! Sai na lura ba lasifika yake karkata wa kunne ba. Jitar yake gogawa a jikinsa, ya ɗaga ta sama, ya sauke ta ƙasa, yana lalube kamar mai neman abu a aljihu. Na zagaya bayansa, na tsaya dab da ƙeyarsa, na ce da ƙarfi, “Malam Buba!” Ko gezau. Na tafa hannu. Kazar da ke ƙarƙashin tebur ta tashi, shi bai motsa ba.

Sani ya dube ni, na dube shi. Ya ce, “Ai kunnensa ya ɗan yi nauyi, mun sani. Amma muna hira da shi.”

Na ce, “Bakinku yake kallo.”

Na dawo gabansa na durƙusa inda zai ga fuskata. Na ce, “Tun yaushe?” Ya yi ɗan murmushi ya ce, “An jima, Malam Idi. Lasifikarka ce ta cinye mini kunnuwan.” Sannan ya faɗa mana abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. In tsirkiyar sama ta kai daidai inda ya kamata, faifan nan yakan tashi da rawa sosai, ya ji shi a ƙashin ƙirjinsa. Daga nan yake ɗaure sauran. In yana kiɗa kuma, zizzar ce take gaya masa inda yake, kowane bugu da irin motsinsa. Shekara da shekaru da ƙirji yake jin jitarsa. Yanzu ya buga, shiru, kamar ya rungumi ƙyaure. Ya ce, “Ba zan tsaya gaban jikana in yi masa shirme ba. In babu, a bar shi. Sai dai shi ne na farko a gidanmu da za a raɗa wa suna ba a yi masa kiɗan nan ba.” Sani ya juya baya ya fuskanci bango. Ni ma tausayi ya kama ni ƙwarai.

Na ce su bar mini ita, tsoho ya zauna a gidan ɗan'uwansa a cikin gari, ya riƙa zuwa kullum. Nan fa aiki ya tashi. Ku da kuka ce liƙa waya ne, ku gaya mini yadda ake mayar wa abu aibinsa. Na fara sassauta sabon faifan, ya yi ƙwar-ƙwar kamar murfin tukunya. Na yanka gwangwanin madara, ya yi laushi, sautinsa ya mutu. Na yanka na kifi, ya yi zizza, amma a wurin da ba a so. Na gwada bayan tsohon agogon bango, na gwada langa-langa, na goge wani da fayil har ya yanke ni a yatsa. Kowanne in na ɗaura, Malam Buba ya rungume ta, ya rufe ido, ya buga, ya daɗe, sannan ya girgiza kai. Ba ya ƙorafi. Yakan ce, “Akwai wani abu, amma ba ita ba ce.” Ga suna yana ta matsowa, an riga an sayi rago.

Ana jibi suna, da azahar, na jingina da bango na gaji, idona ya sauka a kan tawa jitar. Ba na kiɗa a gaban mutane, amma in na rufe rumfa ranar Juma'a nakan sauko da ita in ɗan taɓa, don in ji rumfar Malam Modu ta dawo. Na daɗe ina kallonta. Na sani sarai in na cire mata faifan ba zan sake samun irinsa ba, tunda masu yin sa ma sun ce ba su san shi ba. Ban ji daɗi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na sauko da ita, na share mata ƙura, na kaɗa ta sau ɗaya, sannan na ɗauki sukuddireba.

Kada ku zaci ɗaurawa kawai aka yi aka tashi. Faifan ɗaya ne, amma ɗaurin kowace da irin nasa. Washegari na sa Malam Buba ya rungume ta yana bugun tsirkiyar sama, wadda na riga na ɗaure masa daidai da kunnena. Ni kuma na durƙusa a gabansa ina murɗa kusa, kaɗan-kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba. In ɗaure wannan, in sassauta waccan. Rana ta karkata, inuwar dalbejiyar nan ta iso bakin ƙofa, masu tallar fura suka wuce, mu muna nan. Ni ina jin zizza tun tuni, a kunnena ta yi, amma fuskarsa ba ta ce komai ba, saboda haka ban tsaya ba. Can na taɓa kusar ƙasa, sai na ga girarsa ta ɗaga. Ya riƙe mini hannu gam. Ya ce da Fulatanci, “Ɗon!” wato nan. Ya sake bugawa. Sai ya saki hannuna, ya kama sauran tsirkiyoyin ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, ido a rufe, babu wadda ya kuskure.

Ranar suna na ɗauki lasifika da batiri a bayan babur na tafi rugarsu. Damina ce, gero ya kai ƙugu, shanu suna kwance a bayan bukkoki. Bayan an yi addu'a an raɗa suna, hantsi ya ɗaga, aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya. Kakar yaron ta fito da shi a cikin zane. Malam Buba ya zauna ya fara. Kai, jama'a! Kiɗan ya taho a hankali yadda na san shi, zizzar tana bin sa a baya. Tsofaffin da aka yi wa shi da molo suna jarirai suka sunkuyar da kai. Mata suka daina rabon fura. Ni na rasa ko a rugar nake ko a bakin kogin Katagum, ko a rumfar maigidana. Yana cikin kaɗawa ya yafito Sani da kai, ya kama hannunsa ya ɗora a bayan jitar, tsakaninta da ƙirjinsa, ya ci gaba da hannu ɗaya na ɗan lokaci. Ya ce, “Ka ji? Abin da nake ji ke nan.”

Da aka watse ina naɗe waya, sai ya zo ya tsaya a gabana yana kallon bakina. Ya ce, “Malam Idi, wannan ba gwangwani ba ne. Na taka ka cire.”

Na ce, “Ai a rataye take kawai, ba ta da aikin yi.”

Ya ce, “Ƙarya kake, na san kana taɓa ta.” Sannan ya ce, “Gaya mini gaskiya, yaya take fita yanzu? Ni na manta yadda take a kunne.”

Ta yaya za ka kwatanta wa mutum kiɗansa? Na ce, “Kamar da, Malam Buba. Kamar ranar nan a bakin kogi.”

Ya gyaɗa kai ya ce, “To ka riƙa zuwa. Ni in kaɗa, kai ka ji mana.”

Wannan shi ne ramin da kuke gani. Sabon faifan mutumin Kano yana cikin waccan durowa, ya dace da ita tsaf, yanzu-yanzu ma ɗayanku zai iya ɗaura shi. Ba na so ne. Kai mai jar hula, tunda hannunka ba ya zama, tashi ka sauke mini batirin can ka jona shi ya cika. Gobe in kun zo kun tarar da rumfar nan a rufe, kada ku tsaya jira. Tsoho ya aiko, an sake haihuwa a gidan Sani.